Ƙiri-ƙiri, Ciyawar Filin Wasa

Ran da aka gama da mu a wannan kwaleji aka rarraba mu makarantu, da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda babban malami ba zai miƙa wa usur da ƙwallo ba, ya ce, "Malam, ga yara nan, kai ne mai kula da wasanni." An koya mana dokokin tamaula, da yadda a ke shirya guje-guje da tsalle-tsalle, da yadda a ke jera yara su motsa jiki da safe. Amma shi kansa filin da za a yi waɗannan abubuwa a kansa, ban ji an cika yin maganarsa ba. Sabo da haka na roƙi Edita ya ba ni wuri a shafin Hausa, in faɗa wa 'yan'uwana abin da na koya game da ciyawar fili, wani daga littattafan aikin gona, wani kuwa daga aikin hannu da mu ke yi a nan.

Ku tuna da makarantun da aka tura mu koyon aiki. A waɗansu filin ƙasa ce tsirara, jar marmara mai tsakuwa. Da rani ƙura ta cika wa yara ido da hanci. Yaro ya faɗi gwiwa ta ɗaye, ciwon da ba a kula da shi ba ya zama gyambo, sai ka ga ya yi mako biyu ba ya zuwa aji. Da damina kuma ruwa ya tsaga filin, ya kwashe ƙasar sama ya kai ta bakin titi, kowace shekara ramin yana ƙara zurfi, har ya doshi gindin aji. A waɗansu kuwa filin daji ne, tofa da gamba har gwiwa. A kan sa yara su sare, amma kututturen tofa yana sukan ƙafa kamar allura, in an yi mako uku ba a koma ba kuma macizai da kunamai sun sami gida.

Maganin duka biyu yana nan a bakin hanya, muna taka shi kullum. Ita ce 'yar ciyawan nan mai yaɗo wadda mu ke kira ƙiri-ƙiri, waɗansu kuma su ce tsarkiyar zomo. Duk wanda ya tashi a gidan da a ke kiwon doki ya san ta, gama dawaki suna son ta ƙwarai. Manomi kuma ya san ta, amma shi ba da alheri ya san ta ba, domin in ta shiga gona fartanya ba ta kashe ta, sai ma ta ƙara mata yawa. Ganyenta gajere ne, siriri, kore mai ɗan toka-toka. In ta fid da kai za ku ga 'yan yatsu sirara guda huɗu ko biyar sun bazu daga wuri guda, kamar ƙafar kaza. Kada ku ruɗa ta da gude-gude, wanda shi ma yana da yatsu, amma nasa gajeru ne masu kauri, yana kuwa mutuwa da ɗaukewar ruwa. Kada kuma ku ruɗa ta da tuji, wanda ya kan tsaya dunƙule wuri ɗaya ba ya yaɗo. In kuna shakka ku sa fartanya ku tona. In ƙiri-ƙiri ce za ku tarar da waɗansu fararen jijiyoyi masu ƙarfi, masu tsini a baki, suna tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Masanan tsire-tsire suna kiranta Cynodon dactylon. Kalmomin na Helenanci ne, na farko ma'anarsa haƙorin kare, na biyu kuwa yatsa. A nan Kudu za ku ji ana ce mata ciyawar Bahama, mutanen Amurka kuma suna ce mata ciyawar Bamuda. Dukansu sunayen tsibirai ne na can hayin teku, har mutum ya yi tsammani daga can ta zo mana. Ko kaɗan. Ita 'yar wannan sashi na duniya ce, watau Afirka da Asiya, jiragen ruwa ne suka haye da ita. A Indiya ma sananniya ce tun zamanin dā, suna kiranta dub.

To, me ya sa ta fi sauran ciyayi dacewa da filin wasa? Asirin yana cikin tafiyarta. Tana da ƙafa iri biyu. Akwai yaɗon da ke bin bisan ƙasa, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki saiwa, ta fid da sabon ganye, ta zama tsiro mai zaman kansa. Akwai kuma waɗancan fararen jijiyoyi na ƙarƙashi, su ne rumbunta, a cikinsu ta ke ajiye abinci. Saiwoyinta kuma suna nitsewa ƙwarai, a ƙasa mai taushi su kan kai mita 2, ko da ya ke yawancinsu ba su wuce santimita 60 na sama ba. Sabo da haka in takalmin ɗan wasa ya ɗebe wani wuri, ba sai an sake shuka ba. Yaɗo ya taho daga gefe, tsiro ya fito daga ƙasa, cikin 'yan makonni an ɗinke wurin. Ciyawa mai tsayawa dunƙule ba ta iya wannan, in an tumɓuke ta sai rami. Halin nan da ya sa manomi ya ke zaginta, shi ne ainihin abin da mu ke nema.

Waɗansu sun rigaye mu gane haka. A jihar Jojiya ta Amurka akwai wani gari, Tifton, inda wani masanin aikin gona mai suna Glenn Burton ya fara aiki a 1936. A lokacin manoman auduga na wurin ba su da maƙiyi kamar wannan ciyawa. Shi kuwa ya yi ta aurar da iri da iri, har a 1943 ya fid da wata mai yawan ganye domin kiwon shanu. Daga baya aka juya wajen filayen wasa. Aka haɗa irin tamu da wata 'yar'uwarta mai laushin ganye daga Afirka ta Kudu, aka sami Tifgreen a 1956, da Tifway a 1960. Waɗannan ba su yin ƙwaya mai tsirowa, sai dai a yanki jikinsu a dasa. Sun bazu a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi da yawa. (A wannan jiha ta Jojiya ne, a garin Atens, 'yan ƙwallonmu suka ci Ajantina 3 da 2 suka ɗauki zinariyar Olamfik a 1996.) Amma a ganina waɗannan iri na manyan filaye ne, masu injin yanka da famfon ban ruwa da ma'aikata. Kamar dokin sarki su ke, kyau gare su, sai dai ba kowane gida ke iya riƙe su ba. Makarantar ƙauye ta nemi tamu ta bakin hanya, wadda ta saba da wahalar wurin, ba a kuwa sayenta da ko kwabo.

Kafin ku ɗauki fartanya ku san abin da ba ta so. Babban maƙiyinta inuwa. Tana son rana sosai, yawancin yini. A gindin mangwaro ko bayan dogon gini sai ta yi tsawo, ta sirance, ta watse. Kada ku sare itatuwan makaranta dominta, gama yara suna bukatar inuwa su ma. A irin wannan wuri ku dasa ciyawan nan mai faɗin ganye da ke ko'ina a nan Kudu, wadda a ke kira da sunan darduma. Ita tana jure inuwa da laima, sai dai ba ta jure taku kamar ƙiri-ƙiri, in ta jiƙe kuma santsi gare ta. Ta yi kyau a gaban azuzuwa da wurin zaman 'yan kallo. Abu na biyu da ƙiri-ƙiri ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata kwana da kwanaki. Wannan kuwa magana ce babba a ƙasar da mu ke, domin ruwan da Fatakwal ta ke samu a shekara ya haura milimita 2,000, alhali Sakkwato da kyar ta ke kai 700. Wanda aka tura Arewa damuwarsa ƙarancin ruwa, wanda ya zauna nan damuwarsa yadda zai kore shi.

Sabo da haka rabin aikin duka gyaran ƙasa ne, a nan kuwa mutane su ke gaggawa. Ku zaɓi wuri a sarari. In da hali ku sa raga ɗaya arewa ɗaya kudu, domin kada ranar la'asar ta riƙa dukan idon mai tsaron gida. Dokar ƙwallo ta ce tsawon fili daga mita 90 zuwa 120, faɗi daga 45 zuwa 90. Na manyan gasa ya kan zama 105 da 68. Mu ɗauki matsakaici, 90 da 55, shi zan yi lissafi da shi nan gaba. Ƙananan yara ba su bukatar ko wannan.

A nome wurin da zurfi kamar taki ɗaya na hannu. A tsince duwatsu, da fasassun kwalabe, da gwangwanaye, da kututture. Tofa da aya-aya sai an bi su da haƙuri an tone jijiyoyinsu an shanya a rana, gama ɗan guntun da aka bari shi zai dawo. In da lokaci a bar wurin mako biyu bayan ruwan fari, duk abin da ya tsiro a sake nome shi. In za a rage tudu a cike kwari, a fara kwashe baƙar ƙasar sama a tara ta gefe guda, a daidaita ta ƙarƙashi, sa'an nan a mayar da ta sama. Na ga wani fili da aka kawo babbar mota ta share, ta ture dukan baƙar ƙasa zuwa bakin shinge, aka bar marmara tsirara. Shekara biyu ana dasa ciyawa tana ƙi.

Kada fili ya zama shimfiɗe sarai kamar tebur. A ɗan ɗaga tsakiyarsa bisa tsawo kamar bayan kifi, a kowane mita ɗaya ƙasa ta sauka santimita ɗaya zuwa gefe. A filinmu mai faɗin mita 55, tsakiya za ta fi gefe tudu da wajen santimita 27. Ido ba ya ganin wannan, ƙwallo ma ba ta damu da shi ba, amma ruwa ya sani. Ba sai da kayan safiyo ba. Turaku da igiya sun isa, da doguwar tiyo mai gani-har-hanji cike da ruwa, gama ruwan da ke bakin nan da wanda ke bakin can kullum daidai su ke tsayawa. A kewaye fili da lambatu marar zurfi, nesa da layi kamar mita 3 domin kada mai gudu ya faɗa ciki, a ba shi mafita zuwa gangare. In akwai tudu sama da filin a tare ruwansa tun daga can. Bayan wannan a watsa ruɓaɓɓen taki, a bi da manjagara, a ja duro cike da yashi a kai domin ƙasa ta zauna. Inda ya lotsa a cike.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna. A nan Kudu watan Afrilu zuwa Mayu ke nan, a Arewa kuwa sai ƙarshen Yuni ko Yuli. Ku duba yadda wannan ya yi daidai da shekarar makaranta. In an dasa a zango na uku, babban hutu zai zo ya ba ciyawa sarari, babu mai taka ta, ran da aka dawo a Satumba ta rufe. Ciyawar tana bukatar wata biyu zuwa uku ta haɗe, ni kuwa da na ƙara mata wata ɗaya kafin in yarda a buga ƙwallo a kai. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin yara za su dame ku, manyan gari ma za su zo roƙo. Ku nuna musu wani wuri su yi ta yi kafin nan.

Iri kuwa ku neme shi tun da wuri, a bakin hanya, ko gefen rafi, ko tsohon fili. Ku zaɓi wadda ta yi lif da ƙasa, mai gajerun gaɓoɓi da yawan ganye. Akwai wata babbar 'yar'uwarta mai dogon yaɗo da kauri, wadda a ke shukawa domin shanu. Ita ba ta fili ba ce, tana harɗe ƙafa. Wanda ya ke da dabara ya kan fara da ɗan lambu a kusurwar makaranta shekara guda kafin babban aikin, ya tara iri mai kyau a ciki. Lambun nan zai yi amfani har abada, domin daga cikinsa za a riƙa ɗibar abin yin faci.

A tono ciyawar da jijiyoyinta, a yayyanka kamar tsawon taki ɗaya, kowane guntu da gaɓa uku ko huɗu. A rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, a dasa a ranar, gama in ta kwana biyu a rana ta tafi. A ja igiya, a tsaga layi marar zurfi, tsakanin layi da layi santimita 30, tsakanin guntu da guntu ma haka. A binne kashi biyu cikin uku, a bar kan a waje, a danne da diddige. Dannewan nan kada a raina shi, domin gaɓar da ba ta manne da ƙasa ba ba ta sakin saiwa. Da yamma ya fi, ko ranar da gari ya lumshe. In iri ya yi yawa akwai hanya mai sauri: a daddatsa shi, a watsa ko'ina, a barbaɗa ƙasa kaɗan a kai, a ja duro. Amma wannan tana cin iri, tana kuma son ruwa kowace rana.

Ga lissafi, wanda ma ya isa a ba 'yan aji shida su yi. Faɗin mita 55 zai ɗauki layi 183, kowane layi mai tsawon mita 90 zai ɗauki guntu 300. Jimla wajen 55,000 ke nan. Da jin wannan sai gaban mutum ya faɗi. Amma makaranta mai yara 200, kowa 275 ya samu, watau 55 a rana har kwana biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba filin gida-gida, kowane gida da yankinsa, a ga wanda nasa zai riga rufewa. Roƙona ɗaya, kada a mai da wannan aiki horon masu makara. Yaron da aka sa shi dashe domin ya yi laifi, ba zai ji zafin filin ba ran da ya ga ana ɓata shi.

Makonni shida na fari sai an riƙa cire haki da hannu. Bayan wannan babban aiki shi ne yanka, a nan ne kuwa yawancin filaye su ke lalacewa. Mutane suna tsammani a kan yanke ciyawa ne in ta yi tsawo ta dami jama'a. A'a. Yanka shi ke sa ƙiri-ƙiri ta yi kauri. In an datse kanta sai ta fid da rassa ta gefe, ta saƙu kamar tabarma. Wuraren tsirowarta suna can manne da ƙasa, ƙarfe ba ya kai musu. Dogayen ciyayi kuwa, irin su gamba da ƙyasuwa, ba su jure a riƙa sare su kowane mako, sannu a hankali sai su gaji su bar mata wurin. In aka daina yanka sai abin ya juya, dogayen su yi mata inuwa su kashe ta.

A riƙe ta a tsawon santimita 3 zuwa 4, kamar faɗin yatsu biyu. Ka'idar da masu wannan aiki su ke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Watau in ta kai 6 a mai da ita 4. Da damina wannan ya kan zama sau ɗaya a mako. In aka bar ta wata guda ta yi tsawo, ƙasanta ya kan bushe, ganye ya koma sama kaɗai, ran da aka sare sai a ga fili ya yi fari fat kamar an aske shi, ya daɗe kuma bai farfaɗo ba. Ya kamata a sa wani ya riƙa yanka ko da lokacin hutu. Injin turawa ya fi kome, makarantu biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su saya. In babu, langalanga mai kaifi ta yi, amma a tsai da yara nesa da juna, malami kuma yana wurin. Tumaki suna taimako in ƙasa ta bushe. Shanu kam a hana su, kofatonsu yana barin ramukan da ke gurɗe ƙafa.

Ciyawar da a ke yanka kullum tana jin yunwa. Ɗan abin da aka yanke in ba shi da yawa a bar shi a wurin ya ruɓe. Takin gargajiya da ya ruɓe sarai, a tankaɗe shi a barbaɗa da farkon damina. Ɗanyen kashin shanu ba shi da kyau, yana kawo ƙudaje da ƙwayar haki. In makaranta tana iya sayen takin zamani, buhu ɗaya na yuriya mai kilo 50 ya ishi filinmu a zubi guda, wajen giram 10 ke nan a kowane murabba'in mita. A gauraya shi da busasshen yashi domin ya watsu daidai, a zuba sa'ad da ganye ya ke a bushe, hadari kuma ya haɗu. In an zuba da yawa wuri ɗaya, ko rana ta buga shi a kan jiƙaƙƙen ganye, ƙonewa za ta yi. Sau biyu ko uku a damina ya isa. Ƙasar nan ta Kudu mai yawan ruwa ta kan yi tsami, tokar murhu kaɗan tana gyara ta.

Sai maganar rani. Kullum a kan tambaya, ba za a yi ban ruwa ba? Mu sake yin lissafi. Domin ta zauna kore, ciyawa tana son ruwa wajen milimita 25 a mako. Milimita ɗaya a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Ashe kowane murabba'in mita yana son jarka guda mai lita 25. Filinmu murabba'in mita 4,950 ne. Wace makaranta ce za ta ɗebo jarka 4,950 kowane mako, a garin da mata su ke layi a bakin famfo tun da asuba? Ba shi yiwuwa, ba kuwa lalle ba ne. Ƙiri-ƙiri in ta rasa ruwa ta kan koma launin kara, amma ba mutuwa ta yi ba, barci ta ke yi, ruwan fari ya sauka za ta tashi. Abin lura shi ne, mai barci ba ya ɗinki. Duk inda aka goge a wannan lokaci haka zai zauna har damina. Ga shi kuwa gasar gidajen makaranta a yawancin wurare cikin zango na biyu a ke yinta, tsakiyar rani. To, a yi gasar a kan filin, amma gwajin kowace rana a riƙa canza masa wuri. Ɗan ruwan da aka samu, ko wanda ke malala a gindin famfo, a kai shi bakin raga inda mai tsaron gida ya ke tsayawa. Kada a sa wa filin wuta da sunan share shi.

Bakin raga da tsakiyar fili su ne ke fara zama ƙasa. Dalili ba gogewar ganye kaɗai ba ne. Taku yana danne ƙasa har ta yi tauri, iska da ruwa su kasa shiga. A sami ƙarfe mai tsini a huhhuda wurin da zurfin santimita 10, a share yashi da taki cikin ramukan. In ya riga ya zama fili, a yanko ciyawa da ƙasarta daga lambu, fala-fala kamar tubali, a jera, a danne, a kewaye da ƙaya mako uku. A ranakun gwaji a buga bisa faɗi da ƙananan raga masu ɗaukuwa, a bar manyan domin ranar wasa. In an yi ruwa mai yawa a haƙura da ƙwallo ran nan, wasa ɗaya cikin taɓo yana ɓata aikin wata guda. Sa'an nan ga jama'ar gari masu aron fili domin biki ko jana'iza. Rumfa da kujeru na yini ɗaya ba su kashe ta. Motoci ne abin tsoro, su da murhun masu dafa abinci. Ba malamin wasanni ke ba da aron fili ba, amma yana iya roƙon babban malami a rubuta wannan sharaɗi tun kafin a karɓi kuɗin kowa.

Wajen jan layi a dama farar ƙasa da ruwa a shafa. Kada a yi da baƙin mai, kada a yi da maganin kashe ciyawa, kada kuma a tona rami a ce shi ne layi, gama a nan ƙafar yara ta ke gurɗewa. Gara ta kan shiga in busasshiyar ciyawa ta taru, sai a riƙa kwashewa da manjagara. Akwai kuma tsutsan nan mai cin masara wadda aka fara gani a Afirka a 2016, Nijeriya tana cikin ƙasashen farko. Tana cin wannan ciyawa ita ma. In kun ga tsuntsaye sun taru a fili da safe, ganye kuma yana ƙarewa, ku duƙa ku duba, ku nemi malamin gona kafin ku fesa kome a wurin da yara su ke birgima.

Kada ku manta ƙiri-ƙiri ba ta san iyaka ba. In gonar makaranta tana maƙwabtaka da filin, a tsaga rami tsakaninsu mai zurfin santimita 30, a riƙa datse duk yaɗon da ya haura kowane wata. Guntayen da aka datse kada a zuba su cikin ramin taki sai sun bushe ƙayau, in ba haka ba ku da kanku za ku kai ta cikin kunyar masara, malamin gona kuma ba zai gode muku ba.

Wanda ya ke koyar da nazarin halitta yana da darasi a nan kyauta. A cika akwati uku da ƙasa iri ɗaya, a dasa guntu ɗaya a kowanne. Na fari a ajiye shi a rana a ƙyale shi. Na biyu a rana, amma a riƙa datse kansa da almakashi kowace Litinin. Na uku a kai shi gindin itace. Kowace safiya yaro ɗaya ya auna yaɗon da rula, ya ƙirga rassa, ya rubuta a allo. Bayan mako shida a juye akwatunan, a wanke ƙasar a hankali, yara su jera tsire-tsiren uku a kan tebur su zana abin da suka gani a sama da abin da suka tarar a ƙarƙashi.